Yini Guda a Wurin Masu Banda

 

Duk wanda aka ambata masa Haɗejia, abubuwa huɗu ne ke fara faɗo masa a rai: Sarki Buhari, Sarki Muhammadu da ya yi shahada a yaƙinsa da Turawa a 1906, shinkafa, sai kifi. Sarakunan nan biyu masana tarihi sun yi rubutu a kansu. Shinkafa kuwa kullum tana bakin gwamnati da 'yan jarida. Kifi ne dai kowa ke ci amma ba mai rubuta shi. Ku duba labaran da muke rubutawa: in jarumi ya kai amaryarsa cin abinci, sai a ce an kawo musu "kifi". Wane kifi? Daga wane ruwa? Soyayye ne ko banda? Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Wannan magana ta taso a zaman ƙungiyarmu na wata-wata. Ana cikin muhawara sai wani ɗan uwa ya kawo misalin Faransa da Italiya da Afirka ta Kudu, inda mutane ke biyan kuɗi su je gonakin inabi, a zagaya da su, a nuna musu yadda ake sarrafa shi, su ɗanɗana, sannan su ci abincin rana a nan cikin gonar. Abin da suke ɗanɗanawa can giya ce, addininmu kuwa ya haramta ta, don haka ba ta cikin lissafinmu. Dabarar ce ta ja hankalinmu. Mutanen can sun yarda cewa ƙasar wuri da iskarsa da ruwansa suna shiga cikin ɗanɗanon abin da aka noma a wurin, har suna rubuta sunan ƙauyen a jikin kwalba su tsawwala kuɗi saboda sunan. Sai muka tambayi kanmu: mu me muke da shi da za a yi wa irin wannan ziyara? Ba a daɗe ana tunani ba aka ce banda.

Haka muka yi karo-karo, muka ɗauki hayar bas, mu 14, biyar daga ciki mata. Wata Asabar a watan Janairu, hazo ya rufe gari, muka kama hanyar gabas zuwa wani ƙauyen masunta a ƙasar Kirikasamma, inda kawun ɗaya daga cikinmu yake zaune. Dama da hagu gonakin alkama ne kore shar, injinan ban-ruwa na ta tatata, ga balbelu na bin shanu. Da isarmu sai da muka fara zuwa gaida mai unguwa da Sarkin Ruwa, muka miƙa goro, aka yi mana izini. Daga nan aka haɗa mu da dattijon da za mu yini a wurinsa, wanda tun daga gaisuwa muka koma kiransa Baba.

Wurin bandar yana bayan gari, kusa da bakin ruwa. Tun daga nesa hanci ke gaya maka ka iso. Murahu ne na laka a jere, tsayinsu ya kai ƙugu, an shimfiɗa ragar waya a kai, an rufe da tsofaffin kwanon rufi. Samari na zaune suna feɗe kamun safiya, mata na wankewa. Baba ya ce mu tsaya mu kalli yadda ake naɗe tarwaɗa: a lanƙwasa ta har wutsiya ta taɓa kai, a soke da tsinke ta zama kamar gammo. Sakatarenmu ya ce zai gwada. Tarwaɗar ta sulluɓe masa sau uku, yaran wurin suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

"'Ya'yana, banda wuta biyu ce," in ji Baba. "Ta farko mai zafi, ita ke dafa kifi ta kashe ruwan jikinsa. Ta biyu hayaƙi ne kawai, ba harshen wuta. Mai gaggawa yana tsayawa a ta farko, kifinsa ya yi kyau a ido, bayan kwana uku ya fara wari."

Ya nuna mana iri biyu. Akwai mai laushi, wanda kwana ɗaya yake yi a kan wuta, na cin gida da kasuwannin kusa. Akwai kuma wanda ake ta juyawa kwana da kwanaki har ya bushe ƙarau, in ka ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ice. Shi ne mai doguwar tafiya, wanda ake lodawa a kwalaye zuwa Kudu. Muka tambaye shi batun itace. Ya ce shi bagaruwa ya fi so, don garwashinta na daɗewa kuma hayaƙinta na ba kifi jan launi. Darbejiya kuwa ba ta shiga murhunsa, wai tana sa ɗaci. Ya ƙara da cewa itace yanzu ya zama abin saye da tsada, kuma daga nesa ake kawo shi.

Wajen ƙarfe 11 aka shimfiɗa mana tabarmi a inuwar tsamiya, maza gefe, mata gefe. Aka jera faifai shida, kowanne da irin kifinsa, da buta cike da ruwa. Ma'ajinmu ya zaro ƙullin yaji daga aljihu, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Malam, mayar da shi tukuna. In ka sa yaji, yajin za ka ji. Ku ci kaɗan, ku kurkure baki, sannan ku matsa gaba."

Da ƙarfasa aka fara, don ita ce mai sauƙin ɗanɗano: farin nama, ba maiƙo sosai, hayaƙin ya zauna a fatarta kawai. Sai kawara, 'yan ƙanana da ake ci har ƙaya, masu ƙaras-ƙaras a baki kamar soyayyar gyaɗa. Na uku ƙurungu, mai ƙahonnin nan masu kaifi da ke yin gurnani in an kama shi. Namansa kaɗan ne, amma garɗinsa ya fi girmansa, shi ya sa matan wurin suka ce shi suke ajiyewa don miyar kuka. Ragon ruwa ya zo na huɗu, kuma a nan ne hira ta ɗauke. Laushi gare shi da maiƙo mai daɗi, ba ƙananan ƙayoyi masu damun mutum. Wanda ya raɗa masa wannan suna ya san abin da yake faɗa. Bayansa tarwaɗa, wadda kowa ya sani. Gaiwa ce ta rufe. Ita ce kifin nan da ke shigewa cikin laka in ruwa ya janye, ta kwanta can har damina ta dawo, wadda Hausawa ke cewa jikinta take ci. Namanta na da ƙarfi, ƙamshinta na da nauyi, kuma nan take ta raba mu gida biyu: masu neman ƙari da masu neman buta.

Abin da ya fi burge mu, mu masu harkar kalmomi, shi ne yadda mutanen wurin ke bayyana abin da harshe ya ji. Mu da "daɗi" muka zo, da "ba daɗi". Su kuwa sai ka ji an ce wannan yana da garɗi, wancan lami ne, wannan ƙarninsa bai fita ba, wancan wuta ta yi masa yawa har ya yi ƙauri, wannan kuma akwai ɗan bauri a ƙarshensa. Duk kalmomin Hausa ne da muka sani, amma yaushe rabon da mu gan su a cikin labari? Littattafan rubutunmu suka fito, alƙaluma suka fara aiki, Baba na kallonmu yana murmushi.

Sai ya ce akwai jarrabawa. Ya sa aka kawo tarwaɗa biyu, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, daga murhu ɗaya. Ya ce ɗaya ta kogi ce, ɗaya ta kiwo, wadda aka girma da ita a tafkin siminti da abincin buhu. Kowa ya ɗanɗana ya faɗi zaɓinsa a kunnen sakatare. Ƙuri'u suka rabu kusan biyu daidai. Wata 'yar uwarmu, wadda kakarta ta yi sana'ar kifi, ko kaiwa baki ba ta yi ba. Ta ɓare kowacce ta duba, ta shinshina, ta nuna ta hagu.

"Baba, wannan ce ta kogi. Namanta a tsuke yake, kitsenta kaɗan ne. Waccan kuwa ga mai nan yana naso a hannu."

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Gidanku an san ruwa."

Da muka sake ɗanɗanawa bayan bayaninta, bambancin ya fito fili. Ta kogi tana da wani ɗanɗano mai zurfi da ke daɗewa a baki. Ta kiwo ta fi taushi da maiƙo, amma da ka haɗiye shi ke nan.

A nan ne wani ya yi tambayar da ta juya hirar: me ya kawo kifin kiwo murhun mutumin da ke zaune a bakin kogi? Baba bai amsa ba. Ya ce mu tashi mu shiga kwalekwale.

Kafin mu faɗi abin da muka gani, bari mu ɗan yi bayanin ruwan nan don waɗanda ba 'yan yankin ba. Kogin Haɗejia daga ƙasar Kano yake tasowa, inda Kogin Kano da Kogin Challawa suke haɗuwa kafin Wudil. In ya wuce garin Haɗejia sai ya rarrabu ya bazu cikin fadama, wani reshe ya nufi tafkin Nguru, sauran su je su gamu da Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Tun asali rayuwar wannan fadama a kan zuwan ruwa da janyewarsa take. Da damina ruwa ya malala cikin ciyayi, kifi ya bi shi ya yi ƙwai, 'ya'yan su samu abinci su girma. Da rani ruwa ya janye, masunta su yi kamu, manoma su shuka a danshin da ya bari, makiyaya su kawo shanu. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Tun daga nan zuwan ruwa ya koma hannun masu buɗe ƙofa da rufewa. Malalar damina ta ragu a shekaru da yawa, sannan hanyoyin ruwan da a da suke bushewa da rani suka koma ba sa bushewa.

Wannan rashin bushewa shi ya yi wa kacala gata. Ita ce doguwar ciyawar nan mai kai kamar gero, wadda ta fi mutum tsayi. Mun shiga kwalekwale biyu, ba mu yi nisa ba sai ga mu a wani siririn lungu, kacala ta yi bango dama da hagu, ba ka ganin komai sai sama. Matuƙinmu, wani saurayi sa'anmu, ya ce a nan mahaifinsa yake jefa birgi a da, fili ne fetal. Yanzu ba inda za a jefa. Kacala na toshe hanyar ruwa, ta tara laka, ta karkatar da ruwan zuwa inda ba a bukatarsa, gonar wani ta nutse, ta wani ta bushe. Cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, su fito da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Da ambaliya ta zo a 2020 da 2022, toshewar nan na cikin abin da mutanen yankin suka yi ta kuka da shi.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta duka. Madatsun nan su ke shayar da birnin Kano, su ke ba manoman Kura da Kadawa ruwa, kuma noman ranin da ake yi a Auyo da kewayen Haɗejia ya dogara da ruwan da ake saki daga can. Alkamar da muka wuce da safe muna yabawa, da wannan ruwa ta tsiro. Shi ma Baba da muka dawo bai ɗora wa madatsa laifin duka ba. Ya ce masunta sun yi yawa, kuma akwai masu sa raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, su kwashe kifi tun yana ɗan yatsa. Akwai masu datse hanyar ruwa gaba ɗaya da dumba, ko ɗaya kada ya wuce.

"Wanda ya cinye iri, me zai shuka?" in ji shi. "Giwar ruwa da na saba gani ina yaro, yau in an kama guda sai gari ya fito kallo. Murhu kuma ba ya jira. In ban cika shi ba yaran nan ba su da aikin yi. Shi ya sa nake sayo na kiwo."

Muka yi sallar azahar a masallacin ƙauyen, muka dawo muka tarar Inna, uwargidan Baba, ta sa an jera kwanuka. Tuwon shinkafa ne, shinkafar da aka noma a nan fadamar, da miyar busasshiyar kuɓewa wadda aka marmasa ƙurungu da tarwaɗa a ciki, ga man shanu. Gefe guda farfesun ɗanyen ragon ruwa, an sa masa citta da masoro da ɗan daddawa. Yanzu kam an yarda ma'aji ya fito da yajinsa. Ba wanda ya yi maganar adabi sai da aka ga ƙasan kwano. Bayan nan wata Bafulatana daga rugar da ke kusa ta dama mana fura da kindirmo, muka sha muka yi hamdala. Wani ɗan uwa ya jingina da tsamiya ya ce shi a bar shi nan, a gaya wa mutanen gida ya yi hijira.

'Yan uwanmu mata da suka ci nasu a cikin gida sun fito da labarin da mu maza ba mu samu ba. Inna ta gaya musu yadda ake gane bandar da aka yi wa feshi. Ƙwari na cin busasshen kifi in ya daɗe a ajiye, don haka wasu marasa tsoron Allah kan yayyafa masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari na gona. Ta ce a shinshina kafin a saya, kuma in ka ga tulin kifi a kasuwa ƙuda ko ɗaya bai sauka a kai ba alhali yana sauka a na maƙwabcinsa, to ka yi gaba. Su a gidansu, in kifi ya kwana biyu sai a mayar da shi kan hayaƙi, ba wani magani. Aiki ne, kuma itace ne ke ƙonewa, amma ta ce ba za ta sayar wa 'ya'yan wasu abin da ba za ta ba nata ba.

Wannan shi ne abin da ya tsaya mana a rai. Kifin Inna da na mai fiya-fiya, na kogi da na kiwo, wanda aka yi da bagaruwa da wanda aka yi da duk abin da aka samu, dukkansu a kasuwar kifi ta Haɗejia suke haɗuwa. A ɗaure su a kwalaye iri ɗaya, a loda a manyan motoci zuwa Onica da Legas da sauran garuruwan Kudu. Ba sunan ƙauye a jiki, ba sunan wanda ya yi. Mai saye a can ba shi da hanyar sanin wanne ne wanne, saboda haka mai gyara aikinsa ba ya samun ko sisi a kan wanda bai gyara ba. In haka ta ci gaba, wa zai zargi ɗan Baba in ya zaɓi hanya mai sauƙi, ko ya bar sana'ar ya tafi birni acaɓa?

A hanyar dawowa mun tattauna abin da ke hannunmu, tunda buɗe madatsa da yashe kogi aikin hukuma ne. Abu na farko shi ne sunaye. Mun ɗauki alkawarin tattara sunayen kifayen wannan fadama da kayan kamunsu da kalmomin ɗanɗano daga bakin masu su, da Hausa da kuma sauran harsunan yankin irin su Badanci da Barbarci, mu buga ko da ɗan ƙaramin littafi ne. Na biyu, wannan ziyara da muka yi ana iya mayar da ita abin yi a kai a kai. Dajin Baturiya yana nan cikin ƙasar Kirikasamma, an sa shi cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar tun 2008, kuma tsuntsaye na zuwa can daga Turai duk hunturu. Wanda ya zo kallon tsuntsu ai zai ci abincin rana. Me zai hana ɗaliban makarantu da ƙungiyoyi da ma'aikata masu hutun ƙarshen mako su biya wani abu sananne, a zagaya da su, su ɗanɗana, su ci, su sayi tsaraba kai tsaye daga hannun mai yi? Na uku ya shafi 'yan uwanmu da suka yi difloma a fannin noma da kasuwanci, a Kwalejin Binyaminu Usman da sauran makarantu. Leda mai tsabta da takarda mai ɗauke da sunan gari da irin kifi da ranar da aka sauke shi daga wuta ba su fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba.

Da za mu taho mun sayi banda gwargwadon aljihunmu, muka ba Inna abin da muka tara na abinci. Da ƙyar ta karɓa, sai da kawun ɗan uwanmu ya sa baki. Bas ɗin kuwa har muka shigo Haɗejia bayan magariba ƙamshin hayaƙi yake yi, direba na cewa sai mun ƙara masa kuɗin wanki.

'Yan uwa, aikin tattara sunayen nan ya fi ƙarfin mutum 14. Na Guri da Auyo da Kafin Hausa da Birniwa, da na Nguru da Gashuwa, da ma na Yawuri da Argungu masu nasu ruwan, ku tambayi iyaye da kakanni: wane kifi suka ci suna yara wanda yanzu ba sa gani? Me ake kiransa a garinku, kuma da wace miya ya fi dacewa? Ku kawo mana, za mu rubuta da sunan garin da aka samo.